Kwalbar Da Aka Gani a Motata Ta Ruwa Ce

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin motocin dako da ke Kakuri, Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa da tambayar lafiyar iyali, ni ne Isa direba, wanda ya riƙe maka jar lorin nan mai ɗauko doya da dawa daga Kakau, tun tana sabuwa har ta fara tari. Na yi ta zuwa ƙofar gareji, maigadi yana cewa an hana. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, inda babu maigadi. A bainar jama'a aka kira ni mashayi, a bainar jama'a kuma zan amsa, tun ina da bakin amsawa.

1. Ciwon da ke jikina. Ƙodata ce ta lalace, duka biyun. Da bazarar bana, da ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na je babban asibiti na ƙetaren kogi. Likitan, wani Bature mai 'yar Hausa tsinke-tsinke, ya ce dattin da ya kamata ya fita ta fitsari shi ne yake komawa cikin jinina. Ya ce a ƙasarsu an ƙera wani inji mai wanke jini, amma nan babu shi, kuma ko can ma ba kowa ake ɗorawa ba. Na tambaye shi to ni yaya ke nan. Sai ya juya yana kallon taga. Na yi tuƙi shekaru da yawa, na san yadda makaniki yake yi idan mota ta wuce gyara.

2. Yadda nake fama da shi. Alhaji, Allah ya sa kada ka taɓa sanin irin wannan tashin zuciya. Da shi nake farkawa. Bakina kullum kamar na kwana ina tsotsar kwabo, numfashina kuma yana wani zarni da ni kaina nake ji. Ƙamshin miya, wanda a da yake kiran ni gida tun daga bakin layi, yanzu shi ke kora ta waje. Tsiren da ake gasawa a bakin tasha kuwa, sai na tsallaka titi na toshe hanci.

Matata Hanne ce ta gano dabarun da muke lallaɓawa da su. Ba na cin abu da zafi, sai ya huce tururin ya tafi. Ba na cika ciki, loma kaɗan yanzu, kaɗan an jima. Da safe busasshen burodi kafin komai. Idan na ci ba na kwanciya, sai na jingina da bango na zauna shiru kamar mai jiran hukunci. Likita ya hana gishiri da kanwa, ya rage nama, ya kuma auna mini ruwan da zan sha a yini, domin abin da ya shiga ba ya fita. Idan zuciyata ta fara tashi sai na tauna citta, ko na sa kanumfari a kumatu, ko na kurɓi ruwan da aka ɗiga wa lemun tsami. Wata rana a ci nasara. Wata rana kuma duk dabarar ta ƙare a kwata.

3. Shaidun da aka tara a kaina. Ka duba ka gani, ranka ya daɗe, duk abin da na riƙe don na rayu shi aka juya ya zama hujja.

Kwalba. Ruwan da likita ya auna daidai yake da cikin kwalba ɗaya, ni kuwa ba ni da wata mai marfi. Mista Okeke, makanikinka, maƙwabcina, shi ya ba ni koriyar kwalbar giya da ya gama da ita. Hanne ta wanke ta da toka har hannunta ya yi fari. Ita nake ajiyewa a gefen kujera, ina kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya hango ni daga nesa, direba, da koriyar kwalba a baki, na san abin da ya gani. Amma kwalba tana da baki, ana iya shinshinawa, ba kuwa wanda ya shinshina.

Kanumfari. An ce mashaya da shi suke ɓoye wari. To, ban sani ba, masu faɗar sun fi ni sanin harkar.

Gidan burukutu. I, an gan ni a can, ba sau ɗaya ba. Tsakanin gareji da ɗakina, a daidai nan numfashina yake ƙarewa, kuma nan ne kaɗai ake da kwata a bayan katanga inda mutum zai durƙusa ba a idon duniya ba. Mai gidan, Mama Ladi, mutuniyar Kagoro, ta same ni ran nan ina kakari. Ta fito da benci ta ce, "Baba direba, zauna nan, kar ka faɗi a titi." Tun daga ranar benci yana jira na a wajen. Ban taɓa taka cikin gidan ba. Amma a duk layin nan ita kaɗai ta taɓa tambaya ta me ke damuna.

4. Safiyar da aka kore ni. Tun kafin ranar na sami Helima Garba, mai kula da direbobinka, na gaya masa abin da likita ya ce, na roƙi a sauke ni daga tuƙi a ba ni ko sharar gareji, domin jiri ya fara ɗiba ta a hanya. Ya ce kowa da ciwonsa, in je in ɗauko doya. Na je. A hanyar dawowa, wajen Gonin Gora, na tsaya na yi amai a gefen taya, wani direbanka ya wuce ya gani. Washegari da safe, muna tsaye ana rabon aiki, abin ya taso mini ban shirya ba, na yi shi a gaban kowa, na tashi ina tangaɗi. Helima ya shiga mota ya fito da kwalbar, ya ɗaga ta sama kamar ya kama ɓarawo. Ya matso ya ji numfashina, ya ja da baya ya ce, "Kun ji ko? Tun da sassafe!" Okeke ya yi ta ihu, Turanci da Hausa a haɗe, "Na wota! Ruwa ne, wallahi, ni na ba shi kwalba!" Aka yi dariya, aka ce mai sha yana kare abokin shansa. Kai kuma, Alhaji, kana tsaye a barandar ofis. Ka ce, "Ba na ajiye mashayi." Maganarka ke nan, kuma ta riga ni isa gida.

5. Abin da ya biyo baya. A da ni ne nake kiran sallar asuba a masallacin layinmu. Yanzu Liman ya ce na huta, an sami wani. Da na fita daga sahu ran nan a tsakiyar salla don kada na ɓata tabarma, washegari aka yi wa'azi a kan sallar mashayi, ba wanda ya kalle ni, rashin kallon kuwa ya fi kallon ciwo. Mata sun daina aikowa aron turmi wajen Hanne. 'Ya'yana sun daina fita wasa, saboda sunan da ake kiran su da shi. Wannan ya fi aman ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba, na yi fushi da kai, fushin da ban taɓa zaton zan yi da mutumin da na ci abincinsa ba.

Jikin kuma ba ya jira. Kwanan nan shaƙuwa ta kama ni ba ta saki, fatata tana ƙaiƙayi har na fasa ta, fitsarin ma ya kusa ɗaukewa. Citta ta daina aiki. Jiya na kira ƙaramar 'yata da sunan mahaifiyata da ta rasu, ban sani ba sai da na ga Hanne ta fita tana share ido. Likita ya ce barci zai riƙa yi mini yawa. Na fahimci wane barci yake nufi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ban ce a mayar da ni tuƙi ba, hannun nan bai kamata ya sake riƙe sitiyari ba. Ka aika mutumin da ka yarda da shi ya ga likita, shi likitan ya ce a shirye yake ya yi bayani ga duk wanda ya zo. Idan ka gamsu, ka tsaya a barandar nan, da safe, lokacin rabon aiki, ka janye maganarka da bakinka. Ka aika wa Liman da ita. Sannan duk direban da ya zo ya ce jiri yana ɗibar sa, a saurare shi kafin ya kifar da mota a kan 'ya'yan mutane.

Gaggawar da nake yi tana da dalili. Na ji da kunnena wani yana tambaya a ƙofar masallaci ko ya halatta manyan mutane su tsaya a kan gawar mashayi. Ba a kan wani baƙo yake tambaya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya tsare motocinka a hanya, ya raba ka da ciwon da za a yi maka dariya a kansa. Kwalbar tana nan wajen Hanne, na hana ta jefarwa. Idan amsarka ta iso ta tarar an shimfiɗe ni, kada a kai ta ɗakina. A karanta ta a ƙofar masallaci, da ƙarfi, kafin Liman ya yi kabbara a kaina, yadda 'ya'yana za su ji.

Wassalam.

Naka,
Isa direba,
Kakuri, Kaduna.