Kwalba Arba'in Sun Yi Fumfuna

Mama,

Na tafi taron ƙungiyar manoma hannu rabbana, ban tashe ki ba.

Jam ɗin mangwaron da na yi kwana uku ina dafawa duk ya yi fumfuna, kwalba arba'in. Ashe tun makon jiya Kaka ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta buɗe, ta jera a teburin kakanni. Da na yi magana sai ta ce, "Ke 'yar boko, kakanki ta cikin murfi zai ɗanɗana?" Na ɗaga mata murya, ban kyauta ba.

To yanzu da me zan nuna musu cewa ba dole ne mangwaronmu ya ruɓe a ƙasa ba? Shekara da shekaru ana zubarwa, kowa sai ya ce haka aka saba. Kawu Sau dama jira yake in kasa. Yau za su yarda a sare itatuwan a dasa duriyan, na sani.

Idan masu zarto sun riga ni zuwa gida, ki ce su fara da na bakin rafi. Kaka ba ta iya hango can ta tagarta.

Ngan