Kukan Auta

Mama,

Ina gaishe ki. Ya su Baba da Yaya? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Yau a aji aka koya mana kuromosom, zaren gado da ke jikinmu. Malam ya ce guntunsa yakan ninku, ya juya, ko ya ɓace. Akwai wanda in ya ɓace, jariri yakan yi kuka kamar kyanwa. Ɗalibai suka hau kwaikwayo. Na kifa kaina a tebur, domin haka marigayi Auta yake kuka.

Da aka tashi, na daure na tambayi Malam ko faɗuwar mai ciki tana jawo hakan. Ya ce, "Ko kaɗan, 'yata."

Mama, ba santsin da ya kwashe ki lokacin da kike da cikin Auta ba ne. Don Allah ki yafe wa kanki.

'Yarki