Maganin hanci ne, ba na kunne ba

Baba,

Na tafi lakwal ɗaukar darasi ba ku dawo ba, shi ya sa na rubuta.

Maganin da Inna Yagana take ɗiga muku a kunne kwana huɗu ke nan, ashe na hanci ne. Jiya na karanta takardar cikin kwalin sau uku, har da ƙamus don da Faransanci aka rubuta ta, sannan na je na tambayi lokotoron da ya duba ku a asibiti. Ya ce kunnen lafiya lau, mura ce ta toshe 'yar hanyar da ta haɗa hanci da kunne. Inna ta ce ina ruwan hanci, kunne ne ba ya ji.

Kafin ku hau motar Geskeru zuwa gonar tattasai, ku sa ɗigo biyu a kowace kafar hanci. Ya ce kuma ku riƙa toshe hanci, ku rufe baki, ku hura a hankali. A daina soka gashin kaza a kunne. In an yi sati kunnen bai buɗe ba, ku baro tattasan ku dawo.

Ku yi haƙuri da takarda. Na faɗa muku da baki jiya har sau biyu, kuka ce, "Madalla, Allah ya ba da sa'a."

Aisa