Sun Ɗauke Mini Kujera da Cokali

Inna Zalika, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Rabon da in yi doguwar wasiƙa da Hausa har na manta, to ki yi haƙuri da yadda zancen zai fito.

Ni malamin Faransanci ne a wata kwaleji a nan Birnin Konni, asalina kuwa wani ƙauye ne a ƙasar Alela. Ina yaro aka zo ɗibar 'yan lakwal, wato makarantar boko, aka haɗa da ni. Daga nan sai Tawa, sai Yamai, har Allah ya kai ni Faransa. Can ko na manta ni baƙo ne, akwai mai tuna mini a kanti ko a jirgin ƙasa. Na daure, don na san ina da gida.

Gidan ne ya ba ni mamaki. Tun dawowata ba mai kiran sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. In na je hutu a ɗauko mini kujerar ƙarfe, ita kaɗai ce a gidan. Tuwona a kwano daban, da cokalin da mahaifiyata ta sayo takanas daga kasuwar Konni, a kai mini ɗaki. Ina jin 'yan'uwana a zaure suna ci a akushi ɗaya suna ƙyalƙyala dariya, ina leƙowa kowa ya gyara zama, hira ta mutu. Har Mahaman, ɗan kawuna, taubashina da muka yi kiwon awaki tare, ya koma gaishe ni kamar ya ga jandarma.

Abin da ya ƙara dagula ni, akwai wani littafin labari da nake koyar wa 'yan aji na ƙarshe, wani ɗan Afirka ya rubuta shi da Faransanci bayan tafiyar Turawa. Labarin wani saurayi ne da karatu ya kai ƙasar Anasara, can bare, ya dawo gida nan ma bare. Littafin ya ƙare yana tsaye a tasha da akwatinsa, bai san motar da zai shiga ba. Kowace shekara sai in sa yara su yi bayani a kan baƙuntar mutumin nan. Su suna yi don jarrabawa, ni kuwa kaina nake karantawa, wani lokaci sai in juya wajen allo don kada su ga idona.

To bana da damina Baffa Labo, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gidan tun rasuwarsa, ya kira gayyar noman gero. Ba wanda ya gaya mini, a bakin yara na ji. Zuciya ta ɗebe ni, na aro hauya, na shiga sahu da wandon boko da takalmi sau-ciki. Inna, na sha kunya. Kafin hantsi hannuna duk sun yi bororo, an bar ni can baya. Mafi muni, geron bai girma ba, na yi ta sare shi ina zaton ciyawa ce. Chindo makaɗi ya bar gwanayen noma ya dawo bayana da ganga, yana waƙa wai alli ya fi hauya sauƙi, wai gero ya ga Mushe ya nemi wurin ɓuya. Mahaman ya zo ya tuɓe mini takalma da ƙarfi ya rataye su a reshen gawo. Gona duk ta ɗauki dariya. Taurin kai ya hana ni ajiye hauyar, na kai layina ƙarshe ni kaɗai, ganga na bina.

Da aka kawo fura na tsaya ina jiran kwanona. Baffa ya daka mini tsawa gaban jama'a wai in matso, ya miƙo mini ludayin da ya gama sha da shi. Tun ranar ban sake ganin kujera ba. Cokalin ma yara na gani suna tonon ƙasa da shi. A zaure ake zaunar da ni, Mahaman yana rige ni tsokar nama, Baffa yana aike na ɗaure jaki, ƙanwata A'i ba ta kirana sai Mai-saran-gero. Yanzu kuma Baffa ya aiko direba ya ce mini in zo girbi, kuma kada in zo da takalman nan.

Da, ko ba komai, ina da girma. Yanzu girman ma ya zube. Na yanke shawarar in nemi a canza mini wurin aiki zuwa Difa ko Agadas, inda ba wanda ya san waƙar Chindo. In tafi, ko in je girbin a ƙara yi mini dariya?

Naki,
Mai Alli, Birnin Konni

*

Ɗana Mai Alli,

Na karanta wasiƙarka na rangaɗa guɗa, sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Barka! Ka ci nasara, ka zauna kana yi wa kanka jaje.

Ban raina zafin da ka ji ba. Babban mutum, malamin da yara ke miƙewa in ya shigo aji, a bi shi da ganga ana dariya, da ciwo. Shekarun da ka yi kana cin tuwo kai kaɗai a ɗaki sun fi wannan ciwo, kuma na ji maka su ƙwarai. Amma kada ka ɗora wa mutanenka laifin da ba su yi ba. Mahaifiyarka ba don ta kore ka ta sayi cokali ba. Ɗanta ya dawo daga ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba ta san abin da zai iya ci da wanda zai ƙyamata ba, sai ta yi masa abin da ake yi wa babban baƙo. Su suna tsoron ka raina su, kai kana tsoron sun ƙi ka, kowa ya yi shiru.

Yanzu ka tambayi kanka. Ka taɓa ganin makaɗin noma ya yi wa baƙo zambo? Baƙo kirari ake yi masa, a raka shi inuwa. Ka taɓa ganin taubashi ya taɓa takalmin wanda ba nasa ba? Kuma Baffa Labo bai san geron da ka sare ba ne? Ya sani sarai, gonarsa ce. Da bare ne ya yi masa wannan ɓarna, da ya yi murmushi ya ce ba komai, ba kuwa zai sake barinsa ya taka gonar ba. Kai tsawa ya yi maka, ya ba ka ludayinsa, ya kuma aiko ka zo girbi. Wanda ake aika ɗaure jaki ɗan gida ne. Abin da ka yi shekaru kana nema a bakin zaure ke nan, kuma da hannunka ka ƙwato shi, lokacin da ka ƙi ajiye hauya.

Littafinka bai yi ƙarya ba. Akwai 'ya'yanmu da boko ya bari a tsaye a tasha, na san wasu da sunansu. Ka ci gaba da koyar da shi da zuciya ɗaya. Sai dai in yara sun gama bayani a kan mai akwati, ka nuna musu tafin hannunka, ka ba su labarin malamin da ya sare gero. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, gobe su ma za a ɗauko musu kujera, gara su san ana iya sauka daga kanta.

Batun Difa ka bar shi. Can za su ba ka kujera mai kyau, har ka tsufa a kanta. Ka je girbin. Kafin ka fara, ka sa Mahaman ya nuna maka yadda ake yanka zangarniya da ɗaurin dami, zai tsokane ka, ka rama, ai taubashinka ne. In Chindo ya ɗauko waƙarka, ka taka rawa. Karatunka kuma ba inda zai je, ba a zaure ake tuɓe shi ba.

Tasha dai za ka je, ɗana, amma kai ka san motar da za ka shiga. Allah ya sa a yi girbi lafiya, ya cika rumbun Baffa, ya ƙara wa Chindo murya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, kuma ka bar wa yara cokalin.

Inna Zalika