Tsayin Idon Baba a Zaune

Yaya Surayya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan Baba da Inna suna cikin ƙoshin lafiya.

Ni lafiyata ƙalau a Guangzhou, illa an dakatar da ni daga aiki mako guda. Kada Inna ta ji.

Alhaji Kallamu na Maraɗi ya ba kamfaninmu zanen falonsa. A manhajar zane, sai an kafa kyamara kafin ɗaki ya fito yadda ido zai gan shi. Maigidana ɗan China ya kafa ta a tsayin mutum a tsaye. Na saukar da ita, domin Alhaji a darduma yake karɓar baƙi, kuma daga nan tagoginmu sun yi sama ƙwarai. Maigidan nawa ya ce in mayar da ita ko in kama gabana. Na shaida masa cewa ilimi ba ya rusuna wa muƙami.

Ranar Litinin zan koma da hujja ta kimiyya. Ki zaunar da Baba, ki auna daga tabarma zuwa idonsa, ki turo mini. In ya tambaya, ki ce riga zan ɗinka masa.

Ƙaninki,
Injiniya Shitu