Wa Zai Ɗauko Inna Tanna Ranar Juma'a

Zuwa ga yayana Filimon, a Arlit.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Hawwa da yara. Ina roƙon Allah ya tsare ka a wurin aiki, ya ba ka ƙarfin jiki cikin zafin can, wanda aka ce ya fi namu, ko da yake ban ga yadda wani zafi zai fi na bazarar bana ba. Mu nan muna lafiya. Rijiyar bakin gari ta yi ƙasa, sai da aka ƙara igiya, amma ba ta ƙafe ba. Hatsin rumbu zai kai mu shuka in an yi hankali. Liza matar ƙanenmu Gamaliyel ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, jaririnta kuma ya fara rarrafe, ba abin da ya bari a ƙasa bai kai baki ba. Yarana suna zuwa lekol suna karatu, babbar ce ma za ta kai wannan takarda tashar Mayahi ranar kasuwa.

Na zaɓi rubutu maimakon waya domin rezo, layin waya ke nan, yana yanke magana, kai kuwa Yaya, in ka ji rabin zance sai ka yanke hukunci a kan duka. Liza ta isar mini da saƙonka. Ta ce ka ce kada in kuskura in hau amalanke in kora shanu, wai abin kunya ne ga gidanmu, kuma in fita daga rigimar Gamaliyel da dattawan ikilisiya. Na ji, kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma na san ba a ba ka labarin daga tushe ba, shi ya sa zan ba ka shi yadda yake.

Ka san ƙanenmu ya dawo daga cirani a Najeriya shekara biyu da suka wuce da wata koyarwa da ya ji a bakin wani mai wa'azi, ya kuma cika wayarsa da ita. Cewa yake ba ranar Juma'a aka gicciye Almasihu ba, ranar Laraba ce, kuma da yammacin Asabar ya tashi, matan da suka je kabari da sassafen Lahadi sun tarar ne an riga an gama. Hujjarsa ita ce Ubangiji ya kwatanta kansa da Yunusa a cikin kifi, kwana uku dare da rana, daga yammacin Juma'a zuwa asubar Lahadi kuwa kowa ya ƙirga zai ga kwana biyu ne. Yakan ƙara da cewa ranar hutu biyu aka yi a wannan mako, ta idi da ta Asabar, mutane suka haɗe su wuri ɗaya. Pasto Bulus, wanda yake zagaya ikilisiyoyinmu na wannan yanki da moto, babur ɗin nan nasa, ya zauna da shi ba sau ɗaya ba. Ya nuna masa cewa Yahudawa in rana ta taɓa abu ko da kaɗan suna lissafa ta cikakkiya, kuma wurare da yawa a Littafi cewa aka yi a rana ta uku, aka kuma ce jajibirin Asabar aka sa shi a kabari. Ni dai ina tare da Pasto, a kan Juma'a na tashi, a kanta zan mutu. Sai dai in Gamaliyel ya ɗaga yatsunsa yana ƙirga kwana, bakina yakan mutu, don mu ma da kwana muke lissafi. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mai neman suna ba ne. Taurin kai ne irin na Baba, wanda ni da kai ma ba mu rasa rabonmu ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sun yi ta musunsu a gindin itacen bedi har damina ta raba su. Abin da ya ɓata lamarin shi ne amalanke. Ka tuna tun Baba yana da rai, amalanken gidanmu ne yake zagaya tungaye ranar Juma'ar gicciye yana ɗauko tsofaffin da ba su iya tafiyar ƙasa, domin a ranar ce Pasto yake ba da jibin Ubangiji a majami'armu. Tsofaffin nan ba su da kalanda, ba su da waya. In sun ji ƙarar ƙafar amalanke da muryar ɗan gidanmu yana kora shanu, sun san rana ta yi, sai su ɗauki sanda su hau. Bara Gamaliyel ya ɗaura shanu ranar Laraba bai gaya wa kowa ba. Ya zagaya, suka hau yadda suka saba, ba wanda ya tambaye shi. Suka iso suka tarar da majami'a a rufe, ba Pasto, ba gurasa. Ya zaunar da su a inuwa, ya karanta musu Littafi, ya yi addu'a, ya mayar da su da la'asar. Ranar Juma'a kuma ya ce shi ya riga ya yi nasa, ba zai sake ba. Aka yi jibi bencin tsofaffi babu kowa.

A cikinsu akwai Baba Mamudu na tungar gabas, wanda aka yi wa baftisma rana ɗaya da Babanmu. Ya rasu da damina bai sake cin jibi ba. Na san cin gurasa ba shi ne ceto ba, kada ka rubuto mini wa'azi. Amma ni na je gaisuwar, na ji abin da matarsa ta ce, cewa har ya kwanta ciwo yana tambaya yaushe za a zo a ɗauke su. Gamaliyel ma ya ji, ya yi kuka a bayan ɗaki, amma bai sauka daga Larabarsa ba. Dattawa suka sa shi a horo, yana zama a bencin baya, ba ya cin jibi. Sun ce sai ya tashi gaban jama'a ya ce koyarwar ƙarya ce. Shi kuma ya ce zai roƙi gafarar ɗauko tsofaffi ba da shawara ba, wannan ya yarda laifi ne, amma ba zai ƙaryata abin da zuciyarsa ta gaskata ba. A nan suka tsaya har yau, ni kuwa ba ni da ikon raba su, ban ma ɗauko wannan ba.

Abin da na ɗauko shi ne Inna Tanna, yayar mahaifiyarmu. Ita kaɗai ta rage mana a ɗakin su Iya, kuma ka san ita ta goya ka lokacin da aka haife ni. Idonta ya yi rauni sosai, ƙugunta kuma ba ya barin ta zauna a moto, ko da an samu mai riƙe ta. Idi ya matso, na tambayi Gamaliyel ko zai ɗauko su bana. Ya ce ba zai kora ranar Juma'a ba, don tsofaffi da amalanke suke sanin rana, in ya je kamar ya faɗa musu da bakinsa cewa Juma'a ce gaskiya. Ranar Laraba kuma dattawa sun hana, shi ma ya yi alkawarin ba zai sake ba. Na zagaya ikilisiya ina neman wani. Waɗanda suke da shanu sun sayar a shekarar da hatsi bai yi ba, samari kuma duk suna cirani, sai an ga hadari za su dawo. Maƙwabcinmu Malam Gado, Allah ya saka masa, ya ce ga amalanken jakinsa in muna so, bai damu da cewa hidimar majami'a ce ba. Amma shi da kansa ya ce jaki ba zai haye jigawar nan ta hanyar tungar Inna da mutane a kai ba. Na roƙi Pasto ya kai mata jibi gida, ya ce zai yi ƙoƙari bayan idi. Da aka gaya wa Inna sai ta ce ita ba ta kwanta ba tukuna, ba ta so a kawo mata a ɗaki kamar magani, cikin mutane take so ta ci, ta ji waƙa.

Shi ne na ce ni zan kora. Gamaliyel ya dube ni ya yi dariya, ya ce farin san nasa ba ya cikin horo, in ina so in ɗauka, amma jan sa naka ne, sai da izininka. Na gane dabararsa, ya san halinka, ya jingina abin a kanka ne don ka hana, shi ya fita da hannu wanke. Washegari na ɗaura shanu da sunan kai taki gona, wanda wannan aikin gida ne, ba ya bukatar izinin kowa. Yaya, da ka ga abin da ya faru da ka yi dariya har ka manta fushinka. Na sa karkiya a karkace, jan sa ya ja hagu, fari ya ja dama, muka shiga dangar Malam Gado muka kwantar da ita, awakinsa suka watse cikin gari. Matarsa Furera ta fito tana tafa hannu, ta ce in dai haka Kiristoci suke shirin idi, a riƙa sanar da maƙwabta su ɗaure dabbobi. Na gyara musu dangar da hannuna.

Gamaliyel yana tsaye a ƙofar gida yana kallo, hannu a baya, wai ba ruwansa. A rana ta biyu ya kasa daurewa da ya ga yadda nake fizgar igiyar hancin sansa. Ya zo yana mita, ya kwance karkiyar ya sake ɗaura ta, ya ce ba don Juma'a yake yi ba, don wuyan dabba yake yi. Ya nuna mini yadda ake yi musu magana, da cewa ja ba ya son tsumagiya, in an dake shi tsayawa yake. Ya ce a jigawa kada in bari su tsaya a tsakiya, in sauka in kama igiya in yi gaba, kuma in tashi tun rana ba ta yi zafi ba. Tun daga nan kullum sai ya samu dalilin bin mu gona, yana tafe yana gaya mini ban iya ba. Yanzu takin gonarka duk ni na kai shi, kuma na haye jigawar da kaya cike ban maƙale ba. Tafin hannuna ya yi kanta, kafaɗuna suna ciwo, amma na iya.

Game da kunyar da ka ambata, na yi tunani a kai, ban raina maganarka ba. Mutane za su yi magana, sun ma fara. Wasu a majami'a sun ce ina rufa wa Gamaliyel asiri ne, wasu a gari suna kirana direba. Tun da mijina ya rasu nake noma gonarsa, nake ɗaukar buhu, ba wanda ya ce abin kunya ne, don ba wanda yake so ya karɓe ni. Ni abin da zai ba ni kunya shi ne a sake yin jibi bencin nan babu kowa, alhali shanu biyu suna ɗaure a gidanmu suna cin harawa.

Ranar Lahadin da ta wuce bayan sujada na taka da ƙafa har tungar Inna don in gaya mata. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Da na ce ni zan zo da amalanke, ta kama hannuna ta shafa, ta ji kantar. Sai ta tambaye ni wace rana. Na ce Juma'a. Ta ce bara ma ta ɗauka Juma'a ce ta hau, ashe Laraba ce, kuma har yau ba ta gane abin da ya haɗa mu ba, ita dai ta san ya mutu dominta ya kuma tashi. Ta ce don kada ta yi kuskure, tun ranar Laraba za ta yi wanka ta ɗaura zanenta na sujada ta zauna a bakin ƙofa, haka Alhamis, haka Juma'a, duk ɗan da ya zo cikin 'ya'yan ƙanwarta za ta bi shi. Na ce mata ba sai ta wahalar da kanta ba, ta ce zaman jira ba wahala ba ne in za a zo. Na dawo gida ina share hawaye a hanya, kuma a hanyar nan na gama yanke shawara.

Don haka Yaya, ina roƙonka izinin jan sa, da ladabi nake roƙo, don kai ne babba kuma kai ne madadin Baba. Ina so in tafi da albarkarka. In ka samu rezo ka kira wayar Liza, kalma ɗaya ta isa. Amma ba zan yaudare ka ba, in ka yi shiru ko ka ce a'a, zan ɗaura shi ranar Juma'a da sassafe. In ka zo da damina ka yi mini faɗa a tsakar gida gaban kowa, zan durƙusa in saurara, ba zan mayar maka ba. Tsohuwar nan ba za ta wuni uku a bakin ƙofa da zanen sujada ba a zo ba, ina da rai.

Ka gaida Hawwa da kyau, ka ce mata na gode da sabulun da ta aiko. Ka shafa mini kan Abba da Zuhura, ka ce gwaggonsu tana ajiye musu gyaɗa. Liza tana gaishe ku, Malam Gado da Furera ma sun ce a gaishe ka. Gamaliyel ya san ina rubutu, na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka jan sa yana bukatar sabuwar igiya kafin Juma'a, shi zai tufka. Ka sa mu a addu'a, shi da ni da dattawa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In amsarka ta makara, za ta tarar Inna ta riga ta ci jibi.

Ni ce ƙanwarka,
Rut