Motar Da Ta Fi Katanga Tsawo

Limawa, Dutse.

Zuwa ga ƙanena Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ka yi mini afuwa da na dame ka da takarda, alhali ka ce kada a neme ka sai ka gama. Ban san garejin da kake a Kano ba, shi ya sa na rubuta ta sau uku, na aika wa direbobi uku a tasha. Wanda ya buɗe ya karanta kafin ta iso ka, na yafe masa.

Sati bakwai ke nan da ka tafi da motar. Matarka Rabi da yara suna nan ƙalau, sai dai ta daina tambayata ko an ji ɗuriyarka. Wani direban Ringim ya ce ya gan ka: an cire wa motar ƙafafu, tana kan bulo, kana jiran wasu tayoyi da suka fi na da. Ɗagi na huɗu ke nan da za ka yi mata don ta ƙara tsawo. Kada ka yi shi, Sule. Dalilin takardar nan ke nan.

Akori-kura ce kamar ta kowa ranar da ka saye ta, shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha. Tumatir da albasa kake kwasowa daga fadamar Ringim. Inna ta hau ta sau ɗaya, da ƙafarta, ba wanda ya kama mata hannu, ta ce kujerar ta fi gadonta taushi.

Sai daminar nan ta zo. Inna ta kwanta ciwo a ƙauyenmu na bayan Taura, ina wajenta ina jinya. Saƙo ya same ka, ka taso, taɓo ya riƙe motar a fadama yini da kwana. Ka ƙaraso da ƙafa, laka har gwiwa, mutane na dawowa daga maƙabarta. Ba ka yi kuka ba. Ka dai ce, "Da ta fi haka tsawo da taƙi ɗaya, da na wuce."

Bayan arba'in ka kai ta wajen bakanike, aka ƙara mata ƙarafan nan na ƙarƙashi da kuke kira sifirin, aka sa tayoyi masu haƙora. Alheri ya fito daga ɗagin nan na farko, ban musa ba. Mata nawa masu naƙuda ka fitar daga ƙauyukan da ruwa ya yanke, Allah kaɗai ya sani.

A shekarar da ambaliya ta tashi mutanen ƙauyenmu, suka koma kan tudu, gidanmu ya zama kango. Wata Laraba ka biyo ta jikin katangarsa, ka dawo ka ce, "Yaya, wa ya tare a gidanmu? Na hango shanya a igiya." Na ce ƙila Fulani ne suka sauka. Ka ce ka sauko ka shiga ta zaure, ba igiya, ba zane, sai tafasa da ƙadangaru. Ka koma kan kujerar motar, ga zanen nan yana kaɗawa.

Da aka yi ɗagi na biyu, kanka ya wuce katangun Limawa. Ka san garin nan: ko mai hawa dabino sai ya ɗaga murya ya ce a rufa za a hau sama, mata su jawo mayafi. Kai kuwa kana tafe a zaune kana ganin tsakar gidan kowa. Mata suka sa wa motar Raƙumin Sule. Baba Liman ya tare ka a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗan nan, in hasumiya ka gina, zo mu ba ka ladanci." Ka ji kunya, ka sa labule a tagogi, kana shigowa unguwa kana sallama da ƙarfi. Na ji daɗin haka.

Amma can kangon gidanmu ba ka yin sallama. Can labulen kake yayewa. Ka ce yanzu kana ganin kan taɓarya tana tashi tana sauka, da ƙullin ɗankwali, irin ɗaurin nan na gefe da ba mai yinsa sai Inna. Ka hau katangar da kanka, ka hau tsamiyar bayan gida wadda ta fi motar tsawo, ba komai sai ciyawa. Daga kan kujerar nan kaɗai ake gani.

Ɗagi na uku shi ne na shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Aka yi mata tsani na ƙarfe. 'Yan dako suka ce ba su iya cilla buhu sama, ka daina lodi. Mace mai naƙuda ba ta hawa tsani, aka daina aiko maka. Motar da aka ɗaga don ta ɗauki mutane ta koma ba ta ɗaukar kowa sai kai. In ta sha kwana, sai ta yi tangaɗi kamar za ta kwanta. Rabi ta ce, "Yaya, wannan ba mota ba ce kuma, rumbu ne mai taya." Ka yi dariya tare da mu, sannan ka ce yanzu kafaɗunta kake gani da bayanta, saura taƙi ɗaya ka ga fuska.

Ka matsa mini, na bi ka sau ɗaya. Da hantsi ne, rana tarwai. Ka tsaya a jikin katangar ka kashe inji, ka ce, "Duba, Yaya." Na ja mayafi na rufe idona, na kama Ayatul Kursiyyu. Da muka dawo na ce maka ban ga komai ba. Gaskiya ne, ban gani ba. Amma na ji. Daka uku, sannan tafi, taɓarya a sama. Ni aka koya wa dakan nan a tsakar gidan nan. Da na kai ƙarshen ayar sai dakan ya tsaya, kamar mai yinsa ta saurara. Ban ƙara maimaitawa ba, shi ma bai ci gaba ba, har ka tayar da mota.

Malam ya karantar da mu cewa wanda ya tafi ba ya dawowa daka. Ni na yi wa Inna wanka, da hannuna na rufe mata fuska. Ban san mai dakan nan ba. Abin da na sani, kullum baya take ba ka, kullum kuma saura kaɗan. Ba na so ta juyo, Sule.

To, ga abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Ran Talatar makon da ta rasu, Inna ta ce a kira mata kai. Ta faɗa da safe, ta sake faɗa da la'asar. Ni kuwa na ce a raina tumatir na hannunka, zai lalace, kada a tayar maka da hankali a kan zazzaɓi. Na ce mata an aika. Ban aika ba sai Alhamis, da na ga numfashinta ya sauya. Talata da Laraba ba a yi ruwa ba, hanya a bushe take, da motarka yadda take za ka iso ka kai ta asibitin Ringim. Ruwan da ya jiƙa fadamar ran Alhamis ya sauka. Da ka tsaya da laka a ƙafa kana zargin motarka, ina zaune cikin mata ina jinka. Na sunkuyar da kai. Shekara tara ina kallonka kana ɗaga ta, ina yi maka wa'azin leƙen katanga.

Ba motarka ce ta makara ba. Saƙona ne.

Na yi ta istigfari, amma haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Inna ta tafi tana zaton an kira ka ba ka zo ba, wannan kuwa ba ni da inda zan kai shi sai gaban Allah. Naka ne ya rage, kai kuma kana raye. Ka bar motar a kan bulonta, ka hau ta haya kamar kowa, ka zo Limawa. Ka shigo ta ƙofa. Ka faɗa mini duk abin da ya zo bakinka, a gaban Rabi in ka so, ba zan ja mayafi ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa can ta fi mata nan. Allah ya tsare mini kai daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

In ba za ka iya kallona ba tukuna, na fahimta. Ka ba direban da ya kawo maka wannan amsa, ko layi ɗaya ne. Ka amsa mini da wuri, don Allah, kafin tayoyin su iso.

Yayarka,
Hajara